Lauyan AI a Gumel, wai me nake yi ne?

Wasu abokaina da muka gama makarantar lauyoyi ta Bagauda tare har yau tsokanata suke, wai ina ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ina Gumel, garin da wutar nepa ma sai an yi sa'a. A ganinsu lauyan karkara ba shi da aiki sai rikicin gona da rabon gado. To ina yin waɗannan, amma ba su ne ke cika min tukunya yanzu ba.

Wani kamfani ne da ke ba manoma bashin taki da iri a biya da riɗi bayan girbi ya fara nemana. Yaransu na shiga ƙauyuka da waya, su ɗau hoton manomi da lambar NIN da girman gonarsa, sai manhaja ta yanke wa za a ba wa za a hana, ba wani ɗan Adam da ke dubawa. Manajan ya ce min, Barista ai mu ba ruwanmu, kwamfuta ce ta hana su. Na ce ranka ya daɗe kwamfuta ba ta zuwa kotu, kai za a kira.

Dokar da na buɗe masa ita ce ta kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi irin wannan, kuma ko a inda doka ta yarda, yana iya cewa mutum ya sake dubawa ya ji ta bakinsa. In bayanan mutane suka faɗa hannun da bai dace ba, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Tarar manyan kamfanoni kuwa tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, nan ne fa manajan ya gyara zama.

Amma gaskiya aikin ba haddar sashe ba ne, tambaya ce kamar ɗan jarida. Wa ya rubuta manhajar, da bayanan su wa aka koya mata, ina ake ajiye hotunan, Legas ko wajen ƙasa, in ta hana mata bashi fiye da maza saboda gonar ba da sunansu take ba wa zai lura? Takardar amincewarsu da Turanci take, dattijo ya dangwala yatsa bai san me ya yarda da shi ba, sai da muka mayar da ita Hausa har da ajami, ana karanta masa kafin ya dangwala. Wannan ya fi cin lokacina fiye da komai.

Dokar AI ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Agustan 2024 ma na karanta, ta sa tantance masu neman bashi cikin abubuwa masu babban haɗari, kuma masu zuba jari daga can da irin tambayoyinta suke zuwa. In kai lauya ne mai son irin wannan aiki, ba sai ka iya rubuta manhaja ba, ni ma ban iya ba, amma ka zauna da injiniyan kamfanin ka hana shi sakat har ya yi maka bayanin da za ka iya maimaita wa mai unguwa. Kuɗin aiki kuma ka yanka tun farko a rubuce, don mutanenmu shawara a wurinsu hira ce, sai an je kotu suke ganin lauya ya yi aiki.