Sharhin da aka yanke min

Na ajiye aiki a gidan rediyon da nake gabatar da shirin littattafai a nan Garwa, arewacin Kamaru. Masu kira suna tambaya ko lafiya, to ga abin da ya faru.

Littafin da ya jawo rigimar labarin gida ɗaya ne, tun daga kaka har jikoki, da Faransanci, ni kuma ina ba da shi da Hausa. Kashin farko ya kama ni sosai. Kakan bafataken goro ne, ya biyo ta Yola ya sauka Garwa daf da cin garin da Jamusawa suka yi a 1901, arzikinsa ya bunƙasa da jiragen da ke hawowa Binuwai da damina. Akwai wurin da uwargida ke jera goro cikin ganye tana yayyafa masa ruwa, amarya na tsaye da buta, ba a ce mata ta zauna ba. Ba wanda ya ɗaga murya, amma ka san gidan ba lafiya.

Daga kan 'ya'ya marubucin ya fara sauri. Jikokin da ke Duwala da Faransa kuwa duk bakinsu ɗaya, bayin gidan ko suna ba su da shi. Abin da ya fi ci min rai, akwai soja cikin 'ya'yan gidan a Yawunde, amma daga murabus ɗin Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, a 1982 sai aka yi tsalle, kamar ba a yi Afrilun 1984 ba, lokacin da aka kame 'yan Arewa da yawa bayan yunƙurin juyin mulki.

Yabo da suka duk na faɗa. Da shirin ya fita, yabon kaɗai aka ji.

Na sami shugaban shirye-shirye. Ya ce, "Ɗana, marubucin nan shi ke zuba mana man janareta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da an cire duka."

Bai amsa ba. Sai aka mayar da ni karanta gaishe-gaishe da sanarwar rasuwa, na kuwa karanta su tsaf har ranar da na tafi.

Masu tasowa, ku riƙe kwafin muryarku kafin ku miƙa, ku kuma san wa ke biyan kuɗin shiri kafin ku buɗe littafi. Wanda aka ba kujerata yaro ne mai ƙoƙari, na ji ya ce littafin ba shi da makusa.