Yadda na zana wa tsofaffi gidan da ba za su ɓace a cikinsa ba

Zanen gine-gine ne sana'ata. Da aka ba ni aikin gidan tsofaffi, waɗanda yawancinsu ke fama da cutar mantuwa, sai na fara da zama kusa da su ina lura da zirga-zirgarsu. Na ga wata dattijuwa ta iso bakin ƙofa, ta tarar da baƙin kafet, ta tsaya cak. A idonta rami ne. Daɓe mai sheƙi kuwa ruwa take ɗaukarsa, sai ta riƙa ɗaga ƙafa tana dafa bango.

Shi ya sa na hana sa tayil mai walƙiya, na yi daɓen launi ɗaya daga ɗaki har baranda. Na faɗaɗa tagogi, domin idon ɗan shekara 60 yana buƙatar haske kusan ninki uku na ɗan shekara 20. Banɗaki kuma na sa shi inda za a hango shi daga kan gado, ƙofarsa da fentin da ya bambanta da na bango. Wannan kaɗai ya rufa wa mutane da yawa asiri da daddare.

Doguwar baranda mai ƙofofi iri ɗaya ita ce ta fi ruɗa su. Sai na rarraba gidan ƙananan sassa, irin na Hogeweyk, ƙauyen masu cutar mantuwa da aka buɗe a garin Weesp na ƙasar Holan a 2009, inda mutum shida ko bakwai ke zama a gida guda. Lambar ɗaki ba ta zama a kansu, don haka muka kafa ƙaramin akwatin gilashi a gefen kowace ƙofa. Abin da ya fi aiki a ciki shi ne hoton ƙuruciya. Wani dattijo yakan wuce hotonsa na bana bai waiwaya ba, amma da ya ga na samartakarsa sai ya murɗa ƙofa ya shiga. Abin da ya faru da mutum tsakanin shekara 10 zuwa 30 shi ya fi daɗewa a ƙwaƙwalwa.

Inda muka fi kai ruwa rana da masu gidan shi ne batun kaya. Suna son sababbi, iri ɗaya, masu sauƙin gogewa. Ni kuwa na kafe a kan kowa ya zo da tsohuwar kujerarsa da agogon bangonsa, a jera su yadda suke a gidansa na da, gado ma ya fuskanci inda ya saba. Don haka ne na ƙara wa kowane ɗaki faɗi, na bar bango ɗaya babu komai a jikinsa, iyali su cika shi da hannunsu.