Maki 19 da na ba yaron nan

Har yau in na tuna wasan nan sai gabana ya faɗi. Ɗan wasanmu na gefe ya ɗiba a guje zai tari ƙwallo, babu wanda ya taɓa shi, sai ya dafe bayan cinyarsa ta hagu ya zube. Tsoka ta yage. Yaron da na ba maki 19 cikin 21, ko wata biyu ba a yi ba.

Gwajin FMS na yi wa 'yan ƙungiyarmu kafin a fara kakar wasa, wato gwajin duba yadda jiki ke motsi wanda Gray Cook da Lee Burton suka tsara a Amurka: motsi bakwai, irin su tsuguno da sanda a saman kai da ɗaga ƙafa a kwance, kowanne maki 0 zuwa 3. Na riƙe lambar 14 hannu bibbiyu, don binciken su Kiesel na 2007 ya nuna masu 14 ko ƙasa sun fi jin rauni mai tsanani. Ban lura cewa mutum 46 ne kacal ba, kuma 'yan ƙwallon Amurka, wasan da ba namu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaron ya faɗa mini. Yana ɗaure igiyar takalmi bayan gwajin ya ce, "Oga, bara ma nan wajen ya riƙe ni sati uku." Na ce, "Kai dai, ba ka ga makinka ba?" Ko rubutawa ban yi ba! Alhali na sani sarai tsohon rauni na kan gaba wajen janyo sabo. Kuma gwajin a hankali ake yinsa, ita kuwa tsokar bayan cinya a tsakiyar gudu take yagewa.

Daga baya na karanta rubutun Roald Bahr, masanin raunin 'yan wasa, na 2016, inda ya nuna makin waɗanda suka ji rauni da na waɗanda ba su ji ba a cakuɗe suke, babu layin da zai raba su.

Ban jefar da FMS ba, yana nuna mini inda ke ciwo da ɓangaren da ya fi ɗan'uwansa tauri. Amma yanzu tambaya nake fara yi, ina rubutawa, kuma kowa sai ya yi atisayen Nordic na ƙarfafa tsokar bayan cinya, mai maki 12 da mai 20: ka durƙusa, a danne maka idon sawu, ka sauka gaba a hankali.

Sati takwas yaron ya yi a waje. Ranar da ya dawo fili ya gaishe ni kamar kullum, ni ne na kasa haɗa ido da shi.