Ƙaramar kyamara a Kasuwar Barci

Yau da hantsi na shiga Kasuwar Barci da ke Tudun Wadar Kaduna ina rataye da babbar kyamarata, na ɗaura mata dogon gilashi mai jawo abin da ke nesa kusa, na milimita 70 zuwa 200, wanda shi kaɗai nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Na tsaya a rumfar wani dattijo tela, na gaishe shi, na nemi izinin ɗaukar hotonsa yana ɗinki, ya amince. Amma da na ɗaga kyamarar sai ya janye ƙafa daga keken, ya gyara hula, ya ƙame, ya ce, "Ɗana, wannan abu naka ai sai ka tsorata mutum." Na ce, "Baba, a yi haƙuri," na mayar da ita jaka, na ciro ƙaramar da nake sakawa a aljihu. Ba a jima ba ya koma kan aikinsa muna hira, hasken ƙofa ya sauka a kan yatsunsa da bakin allura, a nan na samu hoton da na fito nema.

Ban raina dogon gilashi ba, domin a hawan sallah, inda dawakai ke nesa, shi ne ke jawo fuskar mahayi kusa, ya kuma dusashe abin da ke bayansa yadda ƙaramar ba za ta iya ba. Sai dai a lungu mai ƙunci babu wurin ja da baya, ga kafaɗata har yanzu tana ciwo. Tun da na dawo gida nake tunanin yawan mutanen da suka ƙame a gabana a shekarun nan, ni kuwa ina zaton haka fuskokinsu suke.