Godiya ga duk wanda ya sa hannu a karatun 'yar farina

Assalamu alaikum. Yau kwana shida ke nan wayata ba ta huta ba. Daga nan unguwar Bronx ta New York ake kira, daga Katsina, daga Maraɗi, daga Kumasi, har da mutanen da rabona da jin muryarsu tun ina sayar da kayan gyaran babur a Ƙofar Ƙaura. Na kasa amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, saboda hannuna na kan sitiyari daga asuba har dare. Shi ya sa na zauna bayan sallar Isha'i na rubuta wannan, a yafe mini jinkiri.

Ga wanda labarin bai iske shi ba: 'yar farina, wadda kun san ba na kama sunanta, Uwata nake ce mata don sunan Inna ta ci, ta samu gurbi a Kwalejin Amherst da ke jihar Massachusetts ta hanyar QuestBridge, shirin da ke haɗa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi da manyan makarantu su yi karatu kyauta. Shekara huɗu cur za a ɗauki nauyinta: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci, littattafai, har da guzirin zuwa gida hutu. Babu bashi, balle a yi zancen kuɗin ruwa, kuma ba a nemi ko sisi daga aljihuna ba. Kuɗin shekara ɗaya a wannan makaranta ya haura dala 80,000. Ni da na yi shekara 17 ina tuƙa motar haya a New York, in aka cire mai da inshora da gyara, ban taɓa ganin ƙurar wannan adadi a shekara guda ba. Masu tambaya daga gida wai me ya sa kwaleji ba jami'a ba, ku kwantar da hankalinku, digiri suke bayarwa. Tun 1821 makarantar take, ɗalibanta ba su cika 2,000 ba, kuma cikin mutum goma masu nema da kyar ake ɗaukar ɗaya.

Kafin in fara jero godiya, akwai gaskiyar da ya kamata in faɗa da bakina: babban cikas ɗin da yarinyar nan ta fuskanta ba jarabawa ba ce, ba Turanci ba ne, ni ne.

Ranar da ta fara kawo mini maganar, tana aji 11, ko rabin bayaninta ban saurara ba na ce mata banza ba ta kai zomo kasuwa. Wane ne zai ba ɗiyar direba karatun dala dubbai don Allah da Annabi? Ni na riga na gama lissafina: ta shiga Kwalejin Lehman da ke nan kusa, ta hau jirgin ƙasa mai lamba 4 da safe, ta dawo gida kafin Magariba. Makaranta ce mai kyau, har gobe ban raina ta ba. Wadda ta ƙi yarda a tsaya nan ita ce malamar Turancinta. Baiwar Allahn nan ta kira ni har sau uku, na ukun ina tsaye a layin shan mai, ta ce mini nema kyauta ne, ko dala ɗaya ba a biya, me zan yi asara? Ita ta rubuta ɗaya daga cikin wasiƙun shaida biyu da ake buƙata daga malamai, malamin lissafi ya rubuta ɗayar, mai ba ɗalibai shawara kuma ta haɗa rahoton makaranta. Bayan an tashi malamar kan zauna da ita har duhu ya shiga suna gyaran rubutu. Ba danginmu ba ce, ba addininmu ɗaya ba, ba ta taɓa karɓar ko kwalbar ruwa a hannunmu ba. Allah ya saka mata, ya jiɓinci lamarin nata 'ya'yan.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne wajen cika takardun kuɗi. Shirin na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, galibi gidan da abin da ke shigo masa a shekara bai kai dala 65,000 ba in mutum huɗu ne. Mu shida ne, kuma ba mu kai ba. To amma ba cewa za ka yi "ni talaka ne" a yarda ba, sai ka baje komai a faifai. Ni kuwa gidan da na tashi, addu'ar da aka fi yi ita ce Allah ya rufa asiri. Mahaifina har ya koma ga Allah ba wanda ya san buhu nawa ne a rumbunsa. Shekara 19 da aurenmu, uwargida ba ta taɓa tambayata nawa na samo ba. Sai ga ni wani dare a watan Satumba, zaune gaban yarinya 'yar shekara 17, ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci tana cewa, "Baba, nawa ne a asusunka na banki yanzu? Akwai fili ko gida a Najeriya?" Na miƙa hannu na rufe kwamfutar, na ɗauki makullin mota na fita. Kwana uku ban sake tayar da zancen ba, ga wa'adin ƙarshen Satumba na ƙaratowa. Ita ma ba ta ce uffan ba, sai dai na lura ta daina cin abincin dare tare da mu.

A dare na ukun uwargida ta same ni ina cire takalmi, ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asirin da kake rufewa, don wa kake rufe shi in ba don su ba?" Ban ba ta amsa ba. Da safe na ajiye wa yarinyar takardun harajina a kan jakarta. Don haka godiyata mafi girma bayan ta Allah tana ga matar nan, wadda kuma ita ce ta ɗauke wa yarinyar girki da wanke-wanke wata uku ba tare da kowa ya ji ba.

Cikin Oktoba aka sanar tana cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. Na ɗauka an gama, ashe wasa farin girki. Kowace makaranta da ta zaɓa tana son ƙarin rubutu da wata doguwar takardar bayanin kuɗin gida da ake kira CSS Profile, da kwafin haraji, duk kafin 1 ga Nuwamba. Mu direbobi ba albashi muke karɓa ba, takardar 1099 ake ba mu, wadda ke nuna kuɗi mai kauri alhali rabinsa a tanki da gareji ya ƙare. A nan ne Alhajinmu na Kumasi, mai cika wa mutane haraji, ya shigo. Ya rufe ofishinsa, ya zauna da mu daga bayan Isha'i har sha biyun dare ta gota, yana rarrabe abin da ya shigo da abin da ya rage. Da na zaro kuɗi, sai ya ce in na sake zai kore ni. Shi ne kuma ya nuna mana wurin da ake bayanin halin da gida ke ciki na musamman, ya ce a rubuta abin da nake aika wa Inna duk wata, da kuɗin makarantar marayu biyu da yayana ya bari. Yarinyar na bugawa ina faɗa. Da na faɗi adadin, sai yatsunta suka tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi rigar sanyin da ke jikina, wadda ta san tun tana firamare nake sa ta. Ta mayar da kai ta ci gaba da rubutu. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Rubutun da ta yi game da kanta kuwa, sai da ta aika sannan ta bar ni na karanta. A wurin da muke jiran fasinja a filin jirgin sama na LaGuardia na karanta shi a waya. Ta ba da labarin yadda tun tana shekara tara take yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti, da ranar da likita ya faɗi kalmar da ba ta san Hausarta ba, ta tsaya tana laluben yadda za ta faɗa wa uwarta ba tare da ta tsorata ta ba. Ban taɓa sanin an yi haka ba, ina kan titi a lokacin. Layina ya zo, na bar na bayana ya wuce.

Saura maganar nisa. Tsarin shi ne ɗalibi ya jera makarantu har 15 bisa yadda ya fi so, wadda ta fi sama a jerinsa cikin waɗanda suka amince da shi ita ce tasa, kuma a kusan dukkan makarantun alkawari ne, ba a fasawa. Ta jera tara. Don ta faranta mini ta sa Jami'ar Columbia a farko saboda tana nan cikin New York, Amherst ta biyu. Wasu 'yan'uwa, da kyakkyawar niyya na sani, sun ce mini ba a barin 'ya mace ta kwana a wani gari. Maganar ta tsaya mini a rai, na kai wa limaminmu. Bai ce mini i ko a'a ba, cewa ya yi, "Je ka gani da idonka, sannan ka yi istihara." Wata Lahadi muka ɗauki hanya mu duka shida, muka ratsa Connecticut, tafiyar kamar awa uku. Ƙaramin gari ne shiru, ga itatuwa ga tuddai. Muka haɗu da wasu 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wata mai lulluɓi ta zagaya da mu ta nuna mana inda suke sallah. Amma wadda ta kashe bakin zancen Inna ce, da saƙon murya daga Katsina: "Kai da ka bar ni ka tsallaka teku, kai ne za ka hana kishiyata tafiyar awa uku?" Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranar sakamako, farkon Disamba, ina ɗauke da wata tsohuwa a titin Grand Concourse wayar ta yi ƙara. Ba na ɗaga waya da fasinja a mota, amma ran nan na roƙi izini na gangara gefe. Abin da na ji kawai shi ne, "Baba, Amherst! Baba, sun ɗauke ni!" sai guɗar uwarta daga baya. Na fito na yi sujada a kan simintin nan mai sanyi kamar ƙanƙara. Tsohuwar ta leƙo a tsorace, ta ɗauka ciwo ne ya kayar da ni. Da na yi mata bayani sai ita ma ta hau share hawaye, ta ce in kai ta a hankali, ba ta sauri. Ban san sunanta ba, amma ita ma tana cikin godiyar nan.

Ina roƙon jama'a abu ɗaya. Ɗan maƙwabcinmu tare suka kai zagayen ƙarshe, shi ba a haɗa shi da kowace makaranta ba, kuma yaron ba ya bayan tawa a komai. Masu nema sun haura 20,000 a shekara, waɗanda ake haɗawa a wannan zagaye ba su kai 3,000 ba. Takardunsa sun wuce zagaye na gaba, wanda sakamakonsa ke fitowa wajen ƙarshen Maris, kuma yara da dama ta nan suke shiga irin waɗannan makarantu da tallafi mai tsoka. In kun haɗu da iyayensa kada ku yi musu jaje, ba a rasa ba tukuna. Addu'a za ku sa shi.

Ga matan unguwa da suka kwana suyar waina da dama fura don walimar ranar Asabar, da samarin da suka shimfiɗa tabarmi suka kuma naɗe, da abokan aikina direbobi da suka yi karo-karo suka sayo mata kwamfuta sabuwa dal ba tare da na sani ba, da ma'aikatan ɗakin karatu na Kingsbridge da suka riƙa buga mata takardu lokacin da namu injin ya mutu: na gode, na gode, Allah ya bar zumunci.

Ƙaninta yana aji 11 yanzu. Akwai reshen shirin na 'yan ajinsu da ake rufe nema a watan Maris, ya ce zai gwada. Jiya da dare ya zo yana ta kewaye-kewaye yana sosa ƙeya, na ce masa ya duba saman firji, takardun harajin na cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Ita kuwa sai ƙarshen Agusta za mu kai ta, in Allah ya kai mu. Inna ta ce za ta aiko da yaji da kuka da daddawa, duk wanda ya san mai tahowa daga Katsina kafin lokacin ya taimaka ya sanar da ni.