Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Aikin Sa Kai a Dajin Lekki

A makon jiya na tsaya a inda na sayar da babur ɗina na koma shagon Kawu da ke Ajah, bayan dokar hana acaba ta watan Yunin 2022 ta haɗa da ƙaramar hukumar Eti-Osa. Yau zan ba ku labarin yadda na fara aikin sa kai a daji, a tsakiyar Legas.

Duk mai bin titin Lekki zuwa Epe yana wuce wurin, wato Lekki Conservation Centre, daura da ofishin kamfanin mai na Chevron. Daji ne mai faɗin hekta 78 da gidauniyar kare muhalli ta NCF ta keɓe tun 1990, ita kuwa gidauniyar Cif Shafi Lawal Edu ne ya assasa ta a 1980. Lokacin da nake acaba na sha sauke fasinja a ƙofarsa, amma a ɗaukata wurin Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi.

Wata baiwar Allah Bayarabiya da ke sayen albasa a wurinmu ce sanadi. Wata rana ta tambaye ni garinmu, na ce Nguru. Sai ta ajiye jakarta ta shiga ba ni labarin fadamar Haɗeja da Nguru, da tsuntsayen da ke baro Turai lokacin sanyi su sauka a can. Raina ya sosu, don tunda na zo Legas ban taɓa jin wani ya ambaci garinmu da sha'awa irin haka ba. Ta ce tana cikin masu taimakawa a dajin ranar Asabar, kuma ba su da mai yi wa baƙi bayani da Hausa.

Kawu bai so ba. Ya ce, "Ɗan nan, ranar ciniki za ka bar mini shago ka tafi aikin da ba ko kwabo?" Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri ka ba ni safiya kawai, kafin Azahar na dawo." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in je, amma kada a ga la'asar ban dawo ba.

Aikin farko ba na baki ba ne, na buhu ne. Ana bin doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a saman ruwa, ana tsince leda da robar ruwa da farar robar zuba abinci, wadda gwamnatin jihar ta haramta a watan Janairun 2024. A wannan tsintar na koyi dajin. Ruwan ƙasa baƙi wuluk saboda ruɓaɓɓen ganye, tukurwa ta rufe sama, zafin titi ya ɓace. Akwai kada, akwai guza, akwai kunkuru, amma masu gidan su ne birai.

Birin da ake kira mona ba shi da girma sosai. Bayansa ja-ja ne, cikinsa fari, yana da farin tabo biyu a gindin wutsiya, kuma yana cusa abinci a kumatu ya ajiye. Na ga ɗaya ya zauna a kan makarin hanya yana bin hannun wata yarinya da ido, ba fuskarta ba, don ya san inda biskit yake. Shi ya sa muke roƙon baƙi kada su ba su komai. Birin da ya saba da hannun mutum yakan rage neman 'ya'yan itace, ya koma fizge, daga fizge sai cizo, ƙarshe a ce shi ne mai laifi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wata da watanni ina zuwa, ɗaliban makarantu na shigowa mota-mota, ban ga ayarin yaranmu na Hausawa ko ɗaya ba. Iyayensu ne masu gadin gidajen Lekki, su ne masu turin baro da sayar da kayan miya, amma yaran ba su san akwai wurin ba. Wannan bai kamata ba, kuma ba laifin kowa ba ne face rashin mai gaya musu da harshen da suke ji.

Na sami malamin Islamiyyar unguwarmu na ce, "Allah gafarta Malam, ina so mu kai ɗalibai su ga ikon Allah." Bai yi musu ba. Bayan sallar Isha ya tunatar da jama'a hadisin da ke cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Aka yi karo-karo na kuɗin shiga, aka ɗauki shatar motar bas da ake kira danfo. Kawu da kansa ya ba da kuɗin ruwan sha.

Manyan ɗalibai sun hau wata gadar sama da ke rataye a cikin dajin, mai tsawon mita 401, wadda a wani wurin ta haura mita 22 daga ƙasa. Tana lilo, ga raga hagu da dama, babu abin da kake ji sai salati. Ni ina ƙasa da ƙanana. Nan wata yarinya ta ja rigata ta ce, "Yaya, me ya sa ba za a cike ruwan nan da yashi a gina gidaje ba? Mu tara muke kwana a ɗaki ɗaya."

Tambayar gaskiya ce, ban raina ta ba. Na tambaye ta ina ruwa yake zuwa idan an yi ruwan sama a layinsu. Ta ce ɗakinsu yake shiga. Na ce da can yawancin yankin nan haka yake, fadama ce, ita kuwa fadama randar gari ce, tana karɓar ruwan sama ta riƙe shi ta sake shi a hankali. Duk inda aka cike aka zuba siminti, ruwan sai ya nemi gida mafi kwari, kuma gidan talaka ne a kwari. Ta ce za ta gaya wa babanta.

Asabar ta gaba sai ga baban nata a bakin shago da wasu iyaye biyu, suna tambaya ko manya ma za a iya kai su. Yadda tafiyar iyayen ta kasance, da abin da Kawu ya yi da ya taka hanyar katakon, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.