Abin da haɗa kunshin laburare a Debian ya koya mini

Aikin haɗa kunshin laburare (fayilolin da manhajoji daban-daban ke dogara da su wajen aiki) a Debian, wani tsarin Linux, ya hana ni ɗaukar kwamfutar da ke gabana a matsayin ma'auni. Nau'in furosesar tawa amd64 ne (64-bit), amma kunshin zai je kan wasu nau'o'in kamar i386 (32-bit) da arm64 da armhf, wani lokaci ma biyu daga cikinsu su zauna a na'ura ɗaya.

Kafin fitowar Debian 7 a 2013, mai son tafiyar da manhajar 32-bit a kan tsarin 64-bit sai ya girka ia32-libs, wani ƙaton kunshi da aka cusa laburare barkatai a cikinsa, sabunta shi kuwa jan aiki ne. Da multiarch ya zo, wato tsarin da ke ba da damar girka kunshin nau'o'in furosesa daban-daban a na'ura ɗaya, kowane nau'in furosesa ya sami ɗakinsa: na amd64 a /usr/lib/x86_64-linux-gnu, na i386 a /usr/lib/i386-linux-gnu. Fedora, wadda ita ma tsarin Linux ce, ta tsaya kan ɗakuna biyu, lib da lib64. A ganina hanyar Debian ta fi hangen nesa, duk da ta fi cin lokacin mai haɗa kunshi.

Inda na fi ƙaruwa shi ne layin nan da ake rubutawa a bayanan kunshi, Multi-Arch: same. Gajere ne, amma alkawari ne mai nauyi. Kana cewa duk fayil ɗin da kunshin amd64 da na i386 suka ajiye a wuri ɗaya, daidai suke babu bambanci. Ko baiti ɗaya ya saɓa, dpkg, manhajar da ke girka kunshi a Debian, zai ƙi girkawa. Abin da ke kawo saɓanin kuwa sau da yawa ba ya ɗaukar ido. Idan aka matse takardar bayani da manhajar gzip ba tare da zaɓin -n ba, lokacin fayil ɗin zai shiga ciki, shi ke nan sun bambanta. Haka fayil ɗin header (wanda masu rubuta manhaja ke amfani da shi) da ya rubuta girman pointer, wato adireshin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, baiti 4 a i386, 8 a amd64. Dole a kai shi ɗakin furosesarsa a ƙarƙashin /usr/include. Manhajojin da ke /usr/bin kuma sai a ware musu kunshi daban.

Akwai kuma batun lambar siga, wadda dole ta zo ɗaya a duk nau'o'in da aka girka tare. Idan ginin i386 ya makara, mai amfani da duka biyun sai ya jira, ko da na amd64 ya riga ya fito. Shi ya sa ba na cewa na gama aiki sai na yi dpkg --add-architecture i386 a tsaftataccen tsari, na girka kunshin biyu tare, na ga dpkg ya karɓe su.